Madubi Na Goma Sha Biyu

SHAFI NA 19

Masu cika min waya da saƙo tun da safe wai na bar Auta a bakin ƙofar otal, ku sassauta min haka nan. Ga ta nan ta shiga.

Ƙamshin ne ya fara tarbar ta, tun kafin ƙofar gilashin ta gama buɗewa.

Ita ta zaɓe shi da hancinta. Kwalba talatin da wani abu ta shinshina a rana ɗaya har kanta ya sara, kafin ta tsaya a kan wannan: ɗan lemun tsami, ɗan ɗanyen itace, ba mai hawa kai ba. Yau ga shi yana saukowa daga silin a hankali, kamar dama can haka iskar wurin take.

Auta ta tsaya a tsakiyar falon karɓar baƙi, hannunta ɗaya a kan cikinta, daidai inda aka yi mata ɗinki.

Wata biyu rabonta da nan. Tun bayan tiyatar da aka yi mata take kwance, likita ya hana ta ko hawa matakala, ballantana zuwa wurin aiki. Ita da ta shekara uku tana zana cikin otal ɗin nan, tun daga launin labule har hannun ƙofar banɗaki, sai ga shi ƙarshen aikin a hoton waya take ganinsa.

Kuma yau za a buɗe shi. Ƙarfe huɗu na yamma.

Komai ya fita yadda ta so. Marmarar ƙasa baƙa wul mai fararen jijiyoyi, sai ka rantse ruwa aka zuba. Ruwan gaske kuma yana gangarowa a jikin bangon dama, ba ƙara, sai ɗan motsin da ke sa mutum ya rage murya ba tare da an ce masa ba. Fitilun ba a ganin ƙwansu, haskensu kawai, mai launin zuma, irin wanda gajiyayyen matafiyi zai kalli kansa a ciki ya ce ashe ban rame ba. Kujerun ma da gangan ta sa aka rage musu tsawo, don wanda ya zauna ya ji ba ya son tashi.

Kamata ya yi ta yi murna. Amma tun a mota gabanta ke faɗuwa.

Maigidanta ya ce ta bari sai huɗun su zo tare. Yayanta, wanda shi ne injiniyan da ya riƙe ginin tun daga tushe, ya kira ta sau biyu jiya yana cewa ta huta. Yawan cewa ta huta ɗin ne ya hana ta hutawa. Maigidan na fita kai yara makaranta ta ja mayafinta ta tari mota.

"Madam Mai Zane!"

Manajan otal ɗin ne ya taho da sauri, kwat ɗinsa ko lanƙwasa babu.

"Ikon Allah! Yaushe a gari? Ya jikin?"

"Da sauƙi, Manaja. Sannunku da ƙoƙari."

"Ai da kin faɗa mana an je an ɗauko ki. Zo ki zauna a kawo miki shayi."

"Sama zan hau."

Murmushinsa bai tafi ba, amma ya tsaya cak a fuskarsa kamar an manna.

"Sama... wane hawa?"

"Na tara. Ɗakin taro."

"Ai ana ta shirya tebura, Madam. Ƙura, hayaniya, ga jikinki. Mutum ɗari huɗu za mu zaunar yau. Ga jami'in kwana-kwana zai zo sha biyu ya ba mu takardar izini, kowa a tsaye yake."

"Ba zan tare wa kowa hanya ba."

Ta wuce shi ta danna lif. Kafin ƙofar ta rufe ta hango shi ya zaro waya yana kai wa kunne.



Ɗakin taron shi ne abin alfaharinta. Bangon gabas gilashi ne zalla, daga ƙasa har sama, garin duka a shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafar mutum. Bangon yamma kuma madubai ne dogaye, kowanne cikin katako mai sassaƙa, don wanda ya ba wa taga baya ma kada ya rasa ganin garin. Tebura arba'in, farin ƙyalle, furanni har yanzu da raɓar firij a jikinsu. Ta hagun ƙofar shigowa ƙofar kicin ce, ana jiyo ƙarar tukwane da hucin wuta duk lokacin da aka tura ta.

Ta tako a hankali a kan kafet, idonta na bin madubin ɗaya bayan ɗaya. Sabo ne kawai na mai aiki, ba wai tana neman wani abu ba.

Tara. Goma. Sha ɗaya.

Sha biyu.

Ta tsaya.

Ta koma farko ta sake ƙirgawa, wannan karon da yatsa.

Sha biyu.

Madubi goma sha ɗaya ta zana. Ta san wannan kamar yadda ta san yatsun hannunta. A gurbi na goma sha biyu, can ƙarshen ɗakin, ƙofa ce. Ƙofar fita idan wuta ta tashi, da koren fitila a samanta, da matakalarta da ke sauka har ƙasa. Sai da ta yi faɗa da mutum uku a kan ƙofar nan, don kicin yana bakin hanyar shigowa. Wuta in ta tashi a can, ta tare lif ta tare babbar matakala lokaci guda.

Yanzu babu ƙofa. Babu koren fitila. Fuskarta ce kawai ke kallon ta.

"Baba."

Tsohon kafintan da ke durƙushe yana ɗaure ƙafar wani tebur bai ɗago ba. Shi ya sassaƙa katakon madubin nan duka, shekara uku suna aiki tare, bai taɓa ganin ta bai miƙe ya gaishe ta ba.

"Baba kafinta, da kai nake."

"Na'am, 'yata. Sannu da jiki."

"Ina ƙofata?"

Ya ci gaba da murɗa ƙusar da ta riga ta ɗauru.

"Baba, dube ni. Ina ƙofar da ke nan?"

"Ni abin da aka ce in yi na yi."

"Wa ya ce?"

"Waɗanda ke cewa."

"Ka rufe ƙofar gudun wuta da madubi, Baba? Kai?"

Sai a lokacin ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, irin na wanda ya kwana biyu bai yi barcin kirki ba. Ya waiga ya kalli masu shimfiɗa cokula a can nesa, sannan ya rage murya.

"Cewa aka yi in kashe shi gaba ɗaya, in zuba gam. Ban zuba ba. Ƙusa huɗu kawai na sa, na bar shi yana buɗewa. Na ce ko wata rana wani zai tambaya."

"To ga shi na tambaya. Buɗe."

"'Yata, abin da ke bayan nan ba zai yi wa jikinki daɗi ba."

"Buɗe, Baba."

Ya miƙe da ƙyar, ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana zuba su a aljihu. Madubin ya juyo a hankali, ɗakin duka ya juya a cikinsa, tebura da furanni da gari.

Ƙofar ƙarfen na nan a bayansa, ja, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba.

Auta ta sauke ajiyar zuciya.

"Alhamdulillahi. In dai madubin ne kawai, yanzu za a cire shi, minti goma..."

Baba ya sunkuyar da kai.

Ta tura ƙofar.

Duhu. Zafi. Warin siminti da ƙura ya daki hancinta, ƙamshin lemun tsamin nan ya tsaya a bayanta kamar an yanke shi da wuƙa. Ta kunna fitilar wayarta.

"Likita ya hana ki matakala," in ji Baba daga baya. "Injiniya ya faɗa mana."

Ta kama ƙarfen gefe ta fara sauka. Kowane taki sai ta ji ɗinkin ya ja. Ta sauka sahu ɗaya, ta juya, ta sauka na biyu.

Sai hasken wayar ya faɗa a kan bango.

Bulo ne tsirara, ko shafe ba a yi masa ba, daga ƙasa har sama. Matakalar ta zo ta shige ƙarƙashinsa ta ɓace. Gefe guda ga guntayen rodi da aka yanke, ga buhun siminti da wani ya manta.

Ta ɗora tafin hannunta a kai. Da sanyi. Ta kara kunne.

Ruwa ne ke zuba a can ciki, da wani ɗan kiɗa mai taushi.

"Mene ne a bayan nan?"

"Banɗakin babban masauki," in ji Baba daga saman matakalar. "Na hawa na takwas. Mai Otal ya ce bahon wankan da aka sa ya yi ƙanƙanta, yana son zagayayye, wanda mutum zai kwanta yana kallon gari. Wuri bai isa ba. Sai aka ci matakalar."

"Aka ci matakalar."

"Hawa biyu aka sare. Na takwas da na bakwai."

Ta zauna a kan takin ƙarshe, cikin ƙurar, da kayanta na fita.

Mutum ɗari huɗu. Ta gan su a ranta, sun ga hayaƙi, sun ruga ƙarshen ɗaki, sun samu ƙofar ma a ce, sun turo juna cikin duhun nan, na gaba sun iso bango, na baya suna ci gaba da turowa.

Ta toshe bakinta da mayafi.

"Auta."

Ba muryar Baba ba ce. Ta ɗaga wayar. Yaya ne tsaye a sama, yana haki, alamar da gudu ya zo. Sabon ɗinki ne a jikinsa, wanda ya yi don bikin yau.

"Baba, je ka. Ja mana ƙofar."

Ƙofar ta rufu. Suka rage su biyu da hasken waya ɗaya.

"Taso daga nan, ƙura za ta shiga miki ciwo."

"Yaya, mene ne wannan?"

"Ki taso mu yi magana a ofis."

"A nan za mu yi ta. Mene ne wannan?"

Ya sauko taki uku ya tsaya.

"Na wucin gadi ne."

"Bulo da siminti ne na wucin gadi?"

"Za a yi matakalar ƙarfe ta waje. Wata uku kacal bayan buɗewa. Mai Otal ya yi min alkawari."

"Wata uku. Wutar kuma ka yi magana da ita, ta ce za ta jira?"

"Kar ki yi min rashin kunya, Auta."

"Ba rashin kunya ba ce, tambaya ce."

Ya share gumin goshinsa da hannun riga.

"Kina tsammani ban yi faɗa ba? Sau uku ina ce masa a'a. Na uku ya ce in tattara mutanena in fita, akwai wanda zai yi masa a kwana goma ba tare da surutu ba. Mutum sittin ke ci a ƙarƙashina. Kuma wanda zai kawo ɗin na san shi, ginshiƙi ma sai ya sare. Na ce gara in yi da hannuna, in san abin da na taɓa."

"Sai ka ɓoye min."

"Kina kwance da ƙarin ruwa a hannu! In zo in ce miki me?"

"Ka ce min an yanke hanyar da mutane za su tsira!"

Muryarta ta bugi bulon ta dawo. Ɗinkin ya soke ta, ta dafe wurin ta runtse ido.

Yaya ya sauko da sauri.

"Kin gani ko? Kin ga abin da nake gudu?"

"Kar ka taɓa ni."

Ya janye hannunsa.

"Akwai fanfunan kashe wuta a silin," ya ce a hankali. "An gwada su, suna aiki. Akwai ƙararrawa. Otal nawa ne a garin nan suka shekara ashirin ko ashana ba ta kama ba?"

"Hayaƙi fa? Fanfo na kashe hayaƙi?"

Ya juya ya kalli bangon bulon.

"Kai ka koya min, Yaya. Ina 'yar shekara goma sha biyu ka ɗora hannuna a kan rula. Kai ka ce min kafin in zana inda mutum zai zauna in fara zana inda zai gudu."

"Na sani."

"Umma za ta zo yau. Ita da ko tafiyar kirki ba ta iya yi. Da matarka, da yaranka, da 'yan biyuna. Ni na zaɓa musu tebur, can ƙarshe kusa da taga, don Umma ta ga gari."

"Ba a can suke ba yanzu."

"Kamar yaya?"

"Na sa an dawo da su gaba. Bakin ƙofar shigowa."

Ya faɗe ta ne don ya kwantar mata da hankali. Sai da ta fita daga bakinsa ya ji abin da ya ce.

Auta ta ɗaga wayar ta haska fuskarsa sosai.

"Ashe ka sani."

"Auta..."

"Ashe kai ma ba ka yarda da fanfunan ba. Ka kawo naka bakin ƙofa. Na wasu fa? Su wa ka mayar can ƙarshen?"

Ya kau da kai.

"Su wa, Yaya?"

"Ban duba ba."

"Ba ka duba ba."

Ta kama ƙarfen ta miƙe. Jiri ya ɗebe ta, ta tsaya har ya wuce.

"Jami'in kwana-kwana zai zo sha biyu. Zai ga wannan da idonsa, shi ke nan."

"Ba zai hau ba."

"Me zai hana shi?"

"Ya riga ya duba ginin wata uku da suka wuce, lokacin matakalar na nan lafiyarta ƙalau. Yau takarda kawai zai karɓa. Ta shaidar cewa tun daga ranar ba a canza komai ba."

"Ai ni ce mai sa hannu a wannan takardar. Kuma ba zan sa ba."

Yaya ya mayar da idonsa ƙasa.



"Yaya. Na ce ba zan sa ba."

"An riga an sa."

"An sa me?"

"Hannunki. Da hatiminki. Tun makon jiya takardar ke wurin Mai Otal."

Wayar ta kusa suɓuce mata.

"Hatimina yana cikin durowata a gida. A kulle. Ranar da ka zo duba ni. Ranar da ka ce in yi barci za ka zauna da yara..."

"Wallahi ban taɓa hatiminki ba."

"Kar ka rantse min!"

"Na sare matakala, na amsa. Na ɓoye miki, na amsa. Amma hannunki ban sa ba, Allah ne shaidata."

"To wa ya sa?"

"Kar ki tambaye ni wannan."

"Wa ya sa, Yaya?"

"Na ce kar ki tambaye ni!"

Ta bi ta gefensa ta fara hawa. Ya sha gabanta.

"Tsaya ki ji. In kika buɗe baki a ƙasan nan, ke za a fara kamawa. Sunanki ne a takardar, ba nawa ba. Wa zai yarda ba ke kika sa ba? Ni za a ƙwace min lasisi, ke ma haka. Mutumin nan ba ya yafiya, sai ya ga ko ɗakin kaji ba a sake ba mu zanawa ba. Ki bari yau ta wuce. Yau kaɗai. Gobe da kaina zan zo mu same shi tare."

"In kuma yau ɗin ce?"

"Allah zai kiyaye."

"Allah ya kiyaye, shi ya sa ya taso ni daga gado."

"Auta, ni ne fa. Tun da Abba ya rasu wa ya..."

"Na sani, Yaya." Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "Wallahi na sani. Matsa min."

Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya jingina da bango ya ba ta hanya.

Baba na tsaye a bakin madubin, ƙusoshin a tafin hannunsa.

"In mayar?"

"Bar shi a buɗe."

A cikin lif ta ga kanta. Ƙura a mayafi, ƙura a gwiwa, leɓenta ya bushe ya yi fari. Kiɗan nan mai taushi da ita ta zaɓa yana tashi a saman kanta. Ta nemi lambar maigidanta, ta kira. Ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta sake kira. Ba a ɗauka ba.

Bakwai. Shida. Biyar.

Me za ta ce? Ta ina za ta fara? In aka tafi da ita yau, wa zai ɗauko yara? Umma fa, wa zai gaya mata 'yarta ce ta tona wa ɗanta asiri a gaban mutane?

Ƙofar ta buɗe.

Jami'in bai jira sha biyun ba. Yana zaune a ɗaya daga cikin gajerun kujerun nan kusa da bangon ruwa, hularsa a kan gwiwa, kofin shayi a gabansa bai taɓa ba. Dattijo ne siriri mai furfura a gefen kai. Kusa da shi Mai Otal ne, ƙaton mutum mai sanyin murya, wanda bai taɓa ɗaga ta ba don bai taɓa buƙata ba. Manaja na tsaye a bayansu da fayil a hannu.

Mai Otal ya gan ta. Ya ga ƙurar da ke gwiwarta. Idonsa ya tsaya a kai daƙiƙa ɗaya, sannan ya buɗe hannuwa.

"Ga ta nan! Ofisa, ga wadda ta yi duk abin da idonka ke gani. Ba ta da lafiya, amma ka ga ta kasa zama. 'Yata, Manaja zai kai ki ɗaki ki kwanta kafin baƙi su fara zuwa."

"Ina kwana, ranka ya daɗe."

"Lafiya lau. Manaja, kai ta."

"A'a, dakata," in ji jami'in. Ya miƙe. "Ke ce mai zanen? Madalla. Dama ni na fi son in ji daga bakin mai hannu."

Ya karɓi fayil ɗin, ya zaro takarda ɗaya ya miƙa mata.

Ɗayan lif ɗin ya yi ƙara a bayanta. Ba ta waiga ba, ta san takun Yaya.

Ta kalli takardar. Hatiminta ne, shuɗi, da ɗan tsaguwar da ke gefensa. Sa hannun kuma, da a hanya ta tsince shi, da ita ma ta ce nata ne. Har ɗan jelar da take ja a ƙarshe an ja. Wanda ya yi wannan ya daɗe yana kallon hannunta.

"Abu ɗaya zan tambaya," in ji jami'in. "Tun ranar da na zagaya ginin nan, an taɓa wani abu a hanyoyin fita?"

Falon ya yi tsit. 'Yan matan da ke bayan teburin karɓar baƙi sun daina danna kwamfuta. Ruwan bango kawai ke motsi.

"'Yata," in ji Mai Otal a hankali, yana murmushi, "ofisa na jiran ki."

Ta ji zuciyarta na bugawa har cikin ɗinkin.

"An taɓa."

Murmushin Mai Otal bai motsa ba.

"Magani ne ke ɗibar ta, Ofisa. Tiyata aka..."

"An sare matakalar gudun wuta, hawa na bakwai da na takwas." Auta ce ta katse shi. "An gina banɗaki a wurin. Ƙofar ɗakin taro an rufe ta da madubi. Yanzu na sauko daga can, na bar ta a buɗe. Ka hau ka gani, Yallaɓai."

Kofin da ke hannun wata ma'aikaciya ya faɗi a kan marmarar ya tarwatse. Ba wanda ya kalle ta.

Jami'in ya mayar da hularsa kai a hankali. Fuskarsa ta canza gaba ɗaya.

"Kin san abin da kike faɗa, Madam?"

"Na sani."

"Kin san takardar nan ta ce ba a taɓa komai ba? Kuma hatiminki ne a kai?"

"Hatimina ne. Amma ba ni na buga ba. Hannun nan ba nawa ba ne."

"Wato wani ya yi ƙarya da sunanki a takardar hukuma."

"Eh."

"Wannan ba maganar rufe otal ba ce kawai. Maganar ɗauri ce." Ya zaro biro daga aljihun gaba. "Ina son suna. Wa ya sa hannun?"

Ta ji numfashin Yaya a bayanta. Ta ga Mai Otal ya jingina da kujera ya harɗe yatsu, yana kallon ta kamar mai jiran ya ga iyakarta.

"Madam, da ke nake. Wa kike zargi?"

Ta buɗe baki. Sunan Yaya ya zo har kan harshenta ya tsaya.

"Ni ne."

Ba daga bayanta muryar ta fito ba. Daga bakin ƙofar gilashi ta fito.

Auta ta juya.

Maigidanta ne tsaye, makullin mota a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da ledar maganinta da ta manta a gida.

"Ni na sa," ya sake cewa, idonsa a ƙasa. "Ku bar matata ta zauna, ba ta da lafiya."